Kalangu da Buhun Gyaɗa: Mamman Shata Daga Gefen Ƙasar Kano

In ana rabon Mamman Shata, garuruwa uku ne ke fara miƙo hannu. Musawa ta ce a nan aka binne cibiyarsa. Funtuwa ta ce a nan ya kafa gida ya yi kusan shekara arba'in. Daura kuwa ba ta dogon bayani, kabari take nunawa. Duk sun yi gaskiya. Amma akwai mai rabo na huɗu wanda ba ya cika ɗaga murya, wato karkarar da ke arewa da birnin Kano, daga Tofa da Dawakin Tofa zuwa Bagwai da Bichi, a karkato ta Ɗambatta da Makoɗa da Minjibir. Mahaifiyar Shata, Lariya, Bafulatana ce haifaffiyar Tofa. Ziyarar dangi ce ta kai ta Musawa, can ta haɗu da Ibrahim Yaro, aka ɗaura aure, aka haifi Muhammadu a 1923. Wannan dangantaka ce ta jini. Akwai kuma ta aljihu, ita ce ma ba a cika faɗa ba: gumin manoman irin wannan ƙasa, bayan ya bi ta kan sikeli ya zama kuɗi, shi ya ciyar da sana'ar Shata a shekarun da take koyon tsayuwa.

Ƙasar nan ba kamar sauran ƙasar Hausa take ba. Mutum zai yi tafiyar yini a cikinta bai ga daji ba. Gona ce manne da gona, gida a tsakiyar gona, sai gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da aka bari da gangan, kowace bishiya da mai ita. Ba a barin saura, don babu filin da za a koma in an hutar da wannan. Taki ne ke riƙe ƙasar: na awaki da tumakin da ake ɗaurewa a turke da damina, da tokar murhu, da sharar birni wadda jakuna ke kwasowa a mangala bayan sun sauke itacen da suka kai. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake nome fili ɗaya kowace shekara ba hutu, kuma bai mutu ba. Gero da dawa na ci ne, wake na shiga tsakaninsu, gyaɗa kuwa a wancan zamani ita ce ta haraji da kayan Salla da kayan ɗakin 'ya. Da yake gonar kowa ƙarama ce, ba wanda noma kaɗai ke riƙewa. Da an ɗaure amfani, wannan ya hau saƙa, wancan rini ko dukanci, wani ya kora jakai fatauci, samari su tafi cin rani. Saboda haka manomin nan ya san kasuwa, ya san hanya, ya san kuɗi, kunnensa kuma a buɗe yake ga sabon abu.

Kiɗan da ya saba ji kuwa a rabe yake, kowace ganga da ubangidanta. Tambari da kakaki da algaita na sarki ne. Taushi da kotso da jauje na fada ne. Masu su barorin basarake ne, shi ke ba su gida da gona da riga da doki, su kuma ba su yabon wani sai da yardarsa. Haka Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa, haka Jankiɗi ya zauna a fadar Sarkin Musulmi. Maƙera na da dundufa. Manoma na da gangar noma, wadda ake bin bayan 'yan gayya da ita ana zuga su har ƙarshen kunya. Kalangu na mahauta ne, a kaɗa shi ranar kasuwa don mutanen ƙauyuka su san an yi yanka. Da dare ya koma dandali, 'yan mata na rawa samari na kari. Da kaka a yi kalankuwa da shi. 'Yan dambe ma da shi suke shiga fage. Gangar talakawa ce, ba ta da mazauni a fada. Kuma duk wannan gado ne: ɗan makaɗi ke zama makaɗi, kamar yadda ɗan wanzami ke gadon zabira.

Shata haye ya yi. Gidansu ba wanda ya taɓa rataya ganga, kuma a wurin Fulanin wancan zamani roƙo abin kunya ne, ba sana'a ba. Ibrahim Yaro so ya yi ɗansa ya kama noma ko kasuwanci, ya kuma sa shi makarantar allo kamar kowane yaro. Yaron ya fara da tallan goro, ya koma alewa, yana bin kasuwannin ƙauye yana rera abin da ya zo bakinsa don ya tara masu saye. Wani ɗan'uwansu, Baba Salamu, shi ya laƙaba masa sunan da ya binne na yanka. Da dare yakan shiga dandali a yi waƙa da shi, ba don ko kwabo ba, sai don ƙuruciya da son a ce ya fi wane. Ya fi su ɗin kuwa. Da aka kai inda taron waƙar ya fi na alewar girma, sai ya ajiye faranti. Wannan farawa ta bi shi har tsufa. Mai talla ba shi da ubangida ɗaya. Duk wanda ya tsaya gabansa abokin ciniki ne, kuma dole ya karanci fuskar mutum kafin mutumin ya wuce.

Mutumin da ya fara ɗauke shi daga Musawa shi ne Abdullahi Inde, ɗan gidan sarautar garin, wanda ke aikin En'e a Bakori yana kula da sayen auduga da gyaɗa. A lura da wannan sosai. Ubangidan Shata na farko ɗan sarauta ne, gaskiya, amma ba a kan karaga yake ba, a bakin sikeli yake. A Bakori Shata ya yi aurensa na fari, ya haɗa makaɗa da 'yan amshi, ya fara fita da su zuwa Katsina da sauran garuruwa. Kano ya fara shiga ta a ƙarshen shekarun 1940.

Kanon da ya tarar gyaɗa ce ke juya ta. Jirgin ƙasa ya iso a 1911. Turawan mulki auduga suka sa rai za a yi ta lodi zuwa masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi: tana son jigawa, ana shuka ta tare da hatsi, ga harawa ta dabbobi, in ciniki ya ƙi kuma a ci abin. Tun kakar 1912 buhuna suka fara yi wa tashar jirgi yawa. Kamfanonin Turawa, irin su John Holt da wanda daga baya ya zama UAC, da na Faransawa CFAO da SCOA, ba su san hanyar ƙauye ba. Sai suka riƙa ba attajiran Kano jari, irin su Alhasan Ɗantata, su kuma su rarraba wa yaransu, yaran su kafa sikeli a kasuwannin karkara. Daga 1949 hukumar gwamnati ta karɓe cinikin waje, ita ke yanke farashi a farkon kaka, ita ke ba da lasisin saye. Dalar gyaɗa da aka yi ta sa hotonta a littattafan makaranta ta taru ne don jirgi ya kasa kwashe abin da ake kawowa.

Wannan tsari ya haifi wasu irin mutane da yawansu sabo ne a ƙasar Hausa: ɗan talaka, ba sarauta ba malanta, amma da kuɗi a aljihu. Mai sikeli, ɗan baranda, mai mota, direba, ɗan kamasho, malamin awo, ɗan kwangila. Suna da abin hannu, ba su da kirari. Makaɗin fada ba zai yi musu waƙa ba, taushi ba ya sauka ƙasa haka. Kuɗi kuwa a wurin Bahaushe, in ba su zama suna ba, ba su gama aikinsu ba. Shata ya zo da gangar da ba ta da alkawari da kowa, da bakin da zai iya ɗaukar sunan direba ya ajiye shi inda a da sai sunan hakimi.

Shekarar da aka fi ambata a tashin Shata ita ce 1952, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka yi Bikin 'Yan Sarki, aka aurar da 'ya'yan gidan sarautar Kano da dama a lokaci guda. Shata ya yi wasa a wurin, kuma daga nan sunansa ya fita daga hannun 'yan dandali ya shiga bakin manya. Biki irin wannan ba na birni kaɗai ba ne. Hakimai na shigowa daga ƙasashensu da dagatai da barori da 'yan rakiya, Madaki daga Dawakin Tofa, Sarkin Bai daga Ɗambatta, kowa da jama'arsa, kuma abin da suka ji shi za su koma da shi gida. Bichi ma ba ƙaramin gari ba ne a wannan lissafi: nan Abdullahi Bayero ya yi hakimci yana Ciroma, nan ɗansa Muhammadu Sanusi ya yi bayansa kafin ya hau gadon sarauta. Ga ta kuma a kan hanyar Katsina. Amma abin lura, waƙar da ta kai sunan Bichi kunnen mutumin Agadas da na zangon Kumasi ba ta wani mai rawani ba ce. Waƙar Garban Bichi ce. Mutane da yawa da ba su taɓa taka garin ba sun san shi ta wannan hanya, kuma har yau in aka ambaci Bichi a gaban dattijo mai son kiɗa, akwai abin da ke motsawa a bakinsa.

Yadda yake aikin shi ne abin da ya fi cancanta a tsaya a kai, domin a nan ya bambanta da kowa. Makaɗan fada kan zauna su tsara waƙa, su yi ta bita da yaransu, jagora ya fara ɗa 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, har a yi ƙari da karɓeɓeniya. Shata ya rage wannan duka. 'Yan amshinsa layi ɗaya suke riƙewa daga farko har ƙarshe, su ne kuma masu kalangan. Shi kuwa ya sake, ya yi ta zuba a kan wannan layin, abin da ya gani a wurin, wanda ya shigo yanzu, wanda ya yi kyauta jiya, hanyar da ya biyo, garin da ya kwana. Sanƙira na gefe yana cusa kirari yana tuna masa sunaye. Shi ya sa waƙa ɗaya in ya yi ta sau uku sai ka sami waƙa uku. Amshin ne kawai bai canza ba. Wannan tsari ya dace da mutumin da kullum yana kan hanya, wanda za a iya nuna masa baƙo a tsakiyar fili a ce ga wane ɗan wane, kuma kafin ya zauna an yi masa waƙa. Ya kuma dace da mai sauraro. Layi ɗaya kowa na iya riƙe shi: mai huɗa, mai sussuka, yaron mota, mace a bakin turmi. Hausarsa ma a miƙe take, ba ta da nauyin Sakkwatancin makaɗan fada wanda Bakanon ƙauye sai ya kasa kunne sau biyu. In don zurfin azanci ne da saƙar magana, ni a wurina Narambaɗa na gaba. Amma Narambaɗa na Isa ne. Shata na duk inda mota ke zuwa ne.

Bai tsaya ga yabon mutane ba. Ya yi wa mata waƙar aure, ya yi yabon Annabi, ya yi wa giya waƙar da malamai ba su taɓa yafe masa ba, ya yi Bakandamiya inda ya wasa kansa da kansa tun da ba mai wasa shi yadda yake so. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a Yulin 1969, ya yi waƙar kumbon Apollo 11, kuma ba mamaki a ce mutanen karkara da dama a bakinsa labarin ya zauna musu, ba a bakin mai karanta labarai ba.

Sai dai kada son Shata ya rufe mana ido. Bakin da ke ɗaga mutum shi ke kayar da shi, kuma ya yi zambo mai zafi. Waƙar Gagarabadau kaɗai ta isa shaida. Kyautar da ake yi masa ba duka ce ta ƙauna ba. Wani don ya ji sunansa yake bayarwa, wani don kada ya ji. Sannan in aka bi sawun kuɗin da ake liƙa masa a goshi, da rigunan da ake tuɓewa a ba shi, da makullan motoci, a kan dawo gona. A lokacin, hukumar gyaɗa na sayen amfani ƙasa da farashin kasuwar duniya tana ajiye rarar. Wani ɓangare ya gina hanyoyi da makarantu, wani ya bi ta hannun masu mulki da 'yan kwangila. Mai lasisi na da kamashonsa, yaronsa na ƙauye na da nasa, ga bashin damina da ake biya da kaka, ga abin da kan faru tsakanin buhu da sikeli wanda kowane manomi ya sani. Mutumin da ya noma gyaɗar yakan tsaya ne a bayan fili, a kan ƙafa, yana kallon ana watsa abin da ya fito daga kunyarsa. Ban ce ya ji haushi ba. Galibi daɗi yake ji, har ya kutsa ya liƙa sulensa shi ma. Amma a waƙoƙin Shata da suka shahara, masu saye sun fi masu nomawa yawa nesa ba kusa ba. Manomi in yana son a ambace shi da sunansa, sai dai ya koma wa mai gangar noma na garinsu, wanda ba a sa shi a rediyo.

Rediyon ce ta ƙarasa aikin. A da sai wanda ke da garmaho, ko wanda ke birni kusa da akwatin rediyon waya. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma a daidai lokacin ƙaramar rediyo mai batir ta fara araha. Da kuɗin gyaɗar kaka ɗaya saurayi na iya sayen keke ko rediyo, mai ƙoƙari ya haɗa biyun ya rataya wannan a ƙahon wancan. Rediyo ta shiga zaure, ta shiga rumfar mai shayi, ta hau reshen gawo a bakin gona. Mafi girman abin da ta yi, ta tsallake katanga ta shiga cikin gida, wurin matan kulle waɗanda ba za su taɓa zuwa filin wasa ba. A wannan yanki kuwa, inda rijiya ke kusa kuma jaki ke ɗauko itace, kulle ya yi ƙarfi har a ƙauye. Shirin zaɓi-sonka ya ba ɗan ƙauye damar aika takarda a ambaci sunansa da na garinsu, a gaishe masa da abokai, a sa masa Shata. Da kaset ya yaɗu a shekarun 1970 sai abin ya wuce hannun gidan rediyo ma. Kowace tasha da mai rumfar kaset, kowace motar haya da nata tarin. Wannan ya ƙara wa waƙar Shata tsada ta wata fuska: wanda aka yi wa ita ya san ba taron dare ɗaya ya saya ba.

Amma tsadar ba ta hannun masu saurare take zuwa masa ba, kuma a nan kwatanci da wata ƙasa na da amfani. A Faransa an yi mawaƙiya Edit Piyaf, wadda aka haifa a 1915 ta rasu a 1963. Ita ma ba daga gidan daraja ta fito ba, a titunan Faris ta fara waƙa ana jefa mata 'yan kuɗi, har wani mai gidan rawa ya tsince ta a 1935. Daga nan hanyarsu ta rabu. Can, mutum na sayen tikiti ya shiga zaure, yana sayen faifai, kuma tun 1851 akwai ƙungiyar SACEM mai bin gidajen rawa, daga baya har gidajen rediyo, tana karɓo wa masu tsara waƙa haƙƙinsu duk lokacin da aka yi amfani da ita. Dubban mutane ne ke biya kaɗan-kaɗan, don haka mawaƙi na iya yin waƙar soyayya ko ta baƙin ciki bai ambaci sunan kowa ba. Nan kuwa dubbai na ji kyauta, mutum ɗaya ke biya da yawa. Dole sunan wannan ɗayan ya shiga waƙa. Duk wanda ke tambayar me ya sa mawaƙan Hausa ba su rabuwa da yabon masu kuɗi, ya fara duba wa ke biya.

A 1960 Shata ya koma Funtuwa, kuma zaɓin ya yi daidai da halinsa: gari ne na auduga da jirgin ƙasa da manyan motoci, mahaɗar hanyoyin Zariya da Sakkwato da Katsina, cike da baƙi, ba wata tsohuwar fada da za ta ce masa zauna nan. Babban ubangidansa na tsawon rai shi ne Muhammadu Bashar, Wamban Daura kuma minista a gwamnatin Jihar Arewa, wanda ya zama Sarkin Daura a 1966. Shata ya yi masa waƙoƙi masu yawa, wasu suna cikin mafi kyawun abin da ya bari. Duk da haka bai tare a Daura ya zama makaɗin fada ba. Yakan je, ya yi gaisuwa, ya yi wasa, ya hau mota ya koma gidansa. Siyasa ma ya taɓa ta da hannunsa, ba da baki kawai ba: ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, ya shiga jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim a Jamhuriya ta Biyu, ya shugabanci SDP a Funtuwa a zamanin Babangida har aka tsige shi. Mutumin da ya saba faɗin abin da ya zo bakinsa ba ya daɗewa a kujerar jam'iyya.

Gyaɗar da ta ɗauko shi kuwa ta riga shi faɗuwa. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone arewacin ƙasar Kano, a 1975 cuta ta bi gonakin gyaɗa ta tsuke ganyen ta hana 'ya'ya, manoma da yawa suka rasa ko iri. Kafin ƙarshen shekarun 1970 filin dala ya zama fili kawai, a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya. Manoman yankin suka ƙara ba wake ƙarfi, wasu suka koma noman rani a bakin madatsun ruwa irin su Watari ta Bagwai da Tomas ta wajen Ɗambatta, kasuwar Dawanau ta zama inda hatsi ke haɗuwa. Shata bai girgiza ba, don kuɗi sun canza gida ne kawai. Man fetur ya kawo sababbin masu kyauta: hafsoshin soja, manyan ma'aikata, 'yan kwangilar gwamnati, masu jigila. Dangantakarsa da gona ta aljihu ta yanke a nan. Ta kunne ce ta rage, ita kuwa ƙaruwa ta yi.

Masana sun zo daga baya, kamar yadda suka saba. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda ya zama shugaban Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Gwamnatin tarayya ta ba Shata lambar girmamawa ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ɗan tallan alewa ya zama Dokta, sunan kuma ya zauna masa har a bakin waɗanda ba su san me jami'a ke yi ba. Ya yi wasa a Nijar da Gana, ya je Ingila da Amurka. Da jiki ya ƙi, an yi jinyarsa a Kano da Jidda. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, makonni uku bayan soja sun miƙa mulki, aka kai shi Daura aka binne a garin ubangidansa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah.

Lokacin da ya rasu, abin da zai gaji kalangu ya riga ya iso. Finafinan Hausa da suka fara da Turmin Danya a 1990 sun kawo fiyano da ɗakin ɗaukar murya, inda yaro ɗaya da na'ura ke yin aikin makaɗa shida. Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, wasan dare a fili ya ƙara wuya. A ƙauyukan Bichi da Tofa yau, biki ya fi ganin mai lasifika da janareto fiye da mai kalangu, gayya ta ja baya ta bar wa ƙodago, gangar noma sai jefi-jefi. Tsarin biyan ne bai canza ba. Mawaƙan da suka fi kowa samu a yanzu su ne masu yi wa gwamnoni da 'yan takara, mutum ɗaya na biya, jama'a na ji kyauta. Nijeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 1988, shekarar da aka sa wa Shata hular Dokta, amma dokar ba ta taɓa isa rumfar kaset ba, balle ta mai kwamfuta da ta gaje ta. A kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi, manomi kan miƙa wayarsa a cika masa ita da Shata, awa da awanni, ya biya kuɗin turi. Kuɗin na mai kwamfutar ne.